Laƙabin Ɓangare da Yadda Yake Cin Jam'iyya Daga Ciki

Babu jam'iyyar da ta yi girman neman mulki da gaske, a ce kuma babu ɓangarori a cikinta. Mutanen da suka taru daga mazaɓu dubbai ba za su taɓa zama baki ɗaya ba a kan wanda zai yi takara, ko yadda za a raba muƙamai, ko jam'iyyar da za a ƙulla ƙawance da ita. Irin wannan saɓani ba ciwo ba ne. Ciwon yana farawa ne ranar da aka raɗa wa kowane gefe suna, aka koma auna ɗan jam'iyya da sunan da aka manna masa maimakon abin da ya faɗa ko ya aikata. Daga nan, idan mutum ya miƙe a taro, tun bai buɗe baki ba an gama yanke hukunci a kan maganarsa, domin tambayar da ke zuciyar kowa ita ce: ɗan wane gida ne?

Sunayen nan ba iri ɗaya ba ne, kuma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wanda ake ɗaukowa daga sunan jagora, kamar Kwankwasiyya da Gandujiyya a Kano, ko yadda 'yan jam'iyyar Leba a Birtaniya suka riƙa rarrabe junansu zuwa mutanen Blair da mutanen Corbyn. Irin wannan suna ba ya gaya maka ra'ayin mutum a kan ilimi ko haraji ko tsaro. Ubangidansa kawai yake nuna maka, kuma duk ranar da ubangidan ya juya, dole mabiyi ya juya ko a ce ya ci amana. Akwai kuma wanda ke ɗauke da da'awar mallaka: mu ne 'yan asali, su kuwa baƙin haure ne ko 'yan ci-rani. Wannan ya fi na farko muni, domin ba cewa yake yi abokin gardamarka ya yi kuskure ba, cewa yake yi tun farko ba shi da bakin magana a gidan. 'Yan Republican a Amurka suna da nasu, RINO, wato ɗan jam'iyya a suna kawai. Liz Cheney, wadda ta wakilci jihar Wyoming a Majalisar Wakilai, ta goyi bayan matsayin Trump a fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un da ta kaɗa a majalisa zamanin mulkinsa na farko, amma da ta saɓa masa a kan zaɓen 2020 sai aka manna mata wannan laƙabi. An cire ta daga muƙaminta na uku a shugabancin jam'iyyar a Majalisar Wakilai a watan Mayun 2021, ta kuma faɗi zaɓen fid da gwani a Wyoming a watan Agustan 2022. Laƙabin bai dubi tarihin ƙuri'unta ba ko kaɗan.

Wanda ya riga ya raɗa suna yakan ci rabin faɗan. A babban taron jam'iyyar 'yan gurguzun Rasha na 1903, Lenin ya sha kaye a hannun abokin hamayyarsa Martov a ƙuri'ar da aka kaɗa kan wane ne ya cancanci a kira shi ɗan jam'iyya. Bayan wasu wakilai sun fice daga zauren, sai ɓangarensa ya yi rinjaye a ƙuri'ar shugabanci, nan take suka kira kansu Bolshevik, masu rinjaye, aka bar wa ɗaya gefen Menshevik, marasa rinjaye. Mutanen Martov suka amsa sunan, suka kuma ci gaba da ɗaukarsa har a shekarun da su ne suka fi yawa. Duk ɓangaren da ya bari abokin hamayya ya raɗa masa suna, zai ƙare yana kare kansa daga sunan maimakon ya tallata abin da ya tsaya a kai.

Abin da ya kamata kowane shugaban jam'iyya ya sani shi ne, suna ba ya buƙatar wani saɓani na gaske kafin ya raba mutane. A farkon shekarun 1970, masanin halayyar ɗan Adam Henri Tajfel ya tara yaran makaranta a birnin Bristol na Ingila, aka nuna musu zane-zanen masu zane biyu, aka ce an raba su gida biyu bisa wanda suka fi so. A gaskiya rabon na kan-mai-uwa-da-wabi ne. Sai aka ba kowane yaro damar raba wa wasu yaran maki, ba tare da ya san sunansu ba, lambarsu da gidansu kawai yake gani. Yaran suka fifita 'yan gidansu. Abin da ya fi tayar da hankali, sau da yawa sun zaɓi rabon da zai rage wa nasu gidan abin da zai samu, muddin tazarar da ke tsakaninsu da ɗaya gidan za ta ƙaru. Wannan ita ce dabi'ar ɗan jam'iyyar da ya gwammace jam'iyyarsa ta rasa kujerar sanata da a ce ɗan ɗaya ɓangaren ne ya hau ta.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Da farko sunan na sauƙaƙa magana ne kawai, 'yan jarida da masu sharhi suna amfani da shi don a gane wa ake nufi. Sai ya shiga takarda: sakatare zai rubuta sunayen waɗanda za a gayyata taron masu ruwa da tsaki, ya tsallake wasu saboda ya san gidansu. Daga nan sai a matsa wa waɗanda ba su da gefe, kuma su ne suka fi yawa a kowace jam'iyya. Wanda ya je ɗaurin auren 'yar wani jigo, ko aka ɗauke shi hoto a gidan wane, an gama da shi. Da zarar 'yan tsakiya sun ƙare, babu sauran wanda zai ɗauki saƙo daga wannan gida zuwa wancan, kuma duk shawarar da ta fito daga ɗaya gefen abar ƙi ce ko da ta fi taka kyau. Ƙarshensa zagon ƙasa ranar babban zaɓe.

Tarihin PRP ya isa misali. Jam'iyyar Malam Aminu Kano ta ci gwamnoni biyu a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Saɓanin da ya taso a 1980 na dabara ne, kuma na gaske ne: shin gwamnonin nan biyu su ci gaba da zama da takwarorinsu na UPN da GNPP a taron gwamnoni tara, ko su bi umarnin uwar jam'iyya su daina? Tambaya ce da za a iya zama a kanta, a kaɗa ƙuri'a, a fitar da matsaya. Amma da aka samu 'yan Santsi (ɓangaren gwamnoni) da 'yan Taɓo (ɓangaren Malam), sai maganar ta tashi daga ƙawance ta koma wa ya ci amanar talaka. Ɓangaren gwamnoni ya ɗauki Michael Imoudu, tsohon shugaban ƙwadago, a matsayin jagora, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta tsaya a kan ɓangaren Malam. Majalisar Kaduna da NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, a lokacin da jam'iyyarsa ke fama da kanta. Rimi ya koma NPP, ya faɗi a hannun Sabo Bakin Zuwo a 1983. PRP ta riƙe Kano, amma Kaduna ta tafi hannun NPN. Mutanen da suka sha ɗauri tare tun zamanin NEPU sun wayi gari ba sa ga maciji da juna, alhali aƙidarsu ba ta canja ba.

Daga ɓangaranci zuwa ƙabilanci na zahiri taki ɗaya ne, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jagoran da ke gina ɓangare yana fara ɗiban mutanen da ya yarda da su, waɗanda galibi 'yan yankinsa ne ko yarensa ko addininsa. Da abokan hamayya sun lura, sai su daina cewa ɓangaren wane, su koma cewa ɓangaren mutanen kaza. Shi kuma sai ya ga riba a cikin zargin, ya ce wa mutanensa ba ni ake yaƙa ba, ku ake yaƙa. ANC ta Afirka ta Kudu an kafa ta a 1912 da niyyar haɗa ƙabilun ƙasar wuri ɗaya, amma a rikicin Jacob Zuma da Thabo Mbeki an ga magoya bayan Zuma sanye da riguna masu rubutun da ke shelar cewa shi Bazulu ne ɗari bisa ɗari. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa: sashe na 222 ya hana jam'iyya suna ko tambari mai alamar ƙabila ko addini, sashe na 223 kuma ya ce shugabanninta na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Sai dai wannan sharaɗi a kan jam'iyya yake. Ɓangaren da ke cikinta babu dokar da ta ce masa komai, kuma a can ne ƙabilancin yake samun mafaka.

Amma a ganina ba mugun hali ne ke hura wutar nan ba, ƙa'idar rabon kujeru ce. Yawancin jam'iyyu suna zaɓen shugabanninsu ta yadda wanda ya yi rinjaye zai kwashe komai. Ɗauki taron jiha mai deliget 300 da kujerun zartarwa 20. Jerin sunaye na farko ya samu ƙuri'a 160, na biyu 98, na uku 42. Idan kowane deliget ya bi jerin gidansa kujera bayan kujera, na farko zai tashi da 20, sauran su tashi da sifili. Deliget 140 sun koma gida hannu rabbana, ba su da kowa a ɗakin da za a tsara zaɓen fid da gwani na gaba. Mutumin da ya san haka ne sakamakon faɗuwa ba zai yarda ya faɗi ba. Zai sayi deliget, ko ya garzaya kotu, ko ya kama wani otal ya yi nasa taron. Haka nan kuma babu deliget ɗin da zai iya zama ɗan ba-ruwana, domin wanda ba ya cikin jeri ba ya cikin lissafi. A taron ANC na Polokwane a watan Disambar 2007, Zuma ya samu ƙuri'a 2,329, Mbeki 1,505, kuma jerin Zuma ya kwashe manyan kujeru shida gaba ɗaya. Kusan kashi 40 cikin 100 na wakilai ba su samu ko ɗaya ba. Kafin shekara ta zagayo an tilasta wa Mbeki sauka daga shugabancin ƙasa, wasu mutanensa suka fice suka kafa jam'iyyar COPE, wadda ta ɗebi kusan kashi 7 cikin 100 na ƙuri'un 2009.

Inda kotu ke da ikon soke takara, hasarar ta fi haka. A Zamfara rikicin ɓangaren gwamna Abdul'aziz Yari da na masu adawa da shi, ciki har da Sanata Kabiru Marafa, ya hana APC yin zaɓen fid da gwani karɓaɓɓe a 2018. Jam'iyyar ta shiga zaɓen 2019 ta lashe, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan Majalisar Wakilai 7, da kujeru 24 na majalisar jiha, duka suka suɓuce a zama ɗaya. Akwai kuma wani tanadi da ke ƙara wa ɓaraka daraja: sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyarsa ta rabu ko ta haɗe da wata. Don haka duk mai shirin tafiya yana da buƙatar a ce akwai ɓangare, ko da shi zai ƙirƙire shi. Kotun Ƙoli ta ƙuntata wannan ƙofa a 2015, a shari'ar Abegunde, wani ɗan majalisa daga jihar Ondo da ya sauya sheƙa, inda ta ce rabuwar sai ta taɓa jam'iyya a matakin ƙasa, rikicin reshen jiha bai isa ba.

Maganin da shugabanni suka fi gaggawar ɗauka shi ne haramta ɓangare, kuma shi ne mafi rashin amfani. Jam'iyyar kwaminis ta Rasha ta yi haka a babban taronta na 10 a watan Maris na 1921. Ɓangarori ba su mutu ba. Abin da ya faru shi ne, wanda ke riƙe da ofishin jam'iyya ya samu ikon kiran duk mai saɓa masa ɗan ɓangare ya kore shi, kuma da wannan sanda Stalin ya kawar da Trotsky da sauran. Masalahar dole ma haka take. A tara 'yan takara a ɗaki da tsakar dare, a ce manya sun tsayar da wane, kowa ya sa hannu. Za su fito suna murmushi a hoto, su koma mazaɓunsu su kwance wa jam'iyya zani a kasuwa. Shi ya sa dokar zaɓe ta 2022 ta ce masalaha ba ta inganta sai da rubutacciyar amincewar duk ɗan takarar da aka tantance, in babu kuwa a koma 'yar tinƙe ko zaɓen deliget.

Abin da ke aiki shi ne a yarda ɓangarori suna nan, a ba su hanyar auna ƙarfinsu ba tare da wani ya rasa komai ba. Koma kan deliget 300 da kujeru 20 ɗin nan. Raba 300 gida 20, kowace kujera ta tashi a ƙuri'a 15. Jerin farko mai 160 ya samu kujeru 10, saura ƙuri'a 10. Na biyu mai 98 ya samu 6, saura 8. Na uku mai 42 ya samu 2, saura 12. Kujeru 18 ke nan. Biyun da suka rage a ba waɗanda ragowarsu ta fi yawa, wato na uku da na farko. Sakamako: 11, 6, 3. Mai rinjaye bai rasa rinjayensa ba, zai iya zartar da abin da yake so, amma sai a gaban mutum tara da za su ga takardu, su ji lissafin kuɗi, su kuma koma su gaya wa mutanensu cewa ana damawa da su. Kujerun da ba sa rabuwa, irin su shugaba da sakatare da ma'aji, sai a bi da bi: mai rinjaye ya zaɓa da farko, na biyu ya biyo, a sake zagayowa. Kada shugaba da ma'aji su fito gida ɗaya, kuma kada kuɗi ya fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu daga gidaje biyu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Jam'iyyar gurguzu ta Faransa tun bayan taron Epinay na 1971 take raba kujerun majalisar gudanarwarta bisa ƙuri'un da kowace takardar manufa ta samu, jam'iyyar Leba ta Ostireliya ma tana da ɓangaren dama da na hagu a fili, suna raba muƙamai gwargwadon ƙarfinsu. Amma tsarin yana da nasa ramin, kuma dole a faɗe shi. A Italiya, jam'iyyar Kiristoci 'yan dimokuraɗiyya ta kai ga ana raba ministoci da shugabancin hukumomin gwamnati da ma'aunin ɓangare, cancanta ta koma baya. A Japan ɓangarorin jam'iyyar LDP sun zama masu asusun kansu, har badaƙalar kuɗin tara gudummawa da ta fashe a ƙarshen 2023 ta sa yawancinsu suka sanar da rushe kansu a 2024. Darasi biyu ke nan masu amfani. Rabon ya tsaya a kujerun jam'iyya, kada ya haura zuwa muƙaman gwamnati da ke buƙatar ƙwarewa. Kuma kada ɓangare ya mallaki asusu. Zan ƙara na uku: duk jerin da zai shiga takara ya kawo rubutacciyar manufa, ko da shafi biyu ce, kuma rajistarsa ta mutu da ƙarewar taron. A taro na gaba kowa na da 'yancin sa hannu a wata takardar daban. Ta haka laƙabi ba ya zama gadon da ɗa zai karɓa daga uba.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan rajistar 'yan jam'iyya tana aljihun gida ɗaya. Nan ne ake fara maguɗi, tun kafin a zo ƙuri'a: a hana wasu mazaɓu katin zama ɗan jam'iyya, a cika wasu da sunayen bogi, a canja wurin taro da asuba. Dokar 2022 ta wajabta miƙa rajista ga INEC kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani ko taron zaɓen shugabanni, da sanar da ita kwana 21 kafin taron. Jam'iyyar da ke son zaman lafiya sai ta wuce haka. A kafe rajistar kowace mazaɓa a bangon ofis na tsawon mako biyu, a ba kowane ɗan takara kwafi iri ɗaya a rana ɗaya, a rufe shigar da sabon suna daga ranar. Kwamitin tantancewa da na ɗaukaka ƙara kada mutum ɗaya ya zauna a duka biyun. Ƙuri'a kuma ta zama ta sirri. Ƙato-bayan-ƙato yana hana satar akwati, gaskiya ne, amma yana tilasta wa kowa ya tsaya a layi a gaban ubangidansa da maƙwabcinsa, ya sa wa kansa tambarin da zai bi shi shekaru.

Ladabtarwa ita ce wurin da laƙabi ya fi yin kisa. Kalmar anti-fati ta zama bargon da ake rufa wa duk wanda ake son kawarwa, har ta kai shugabannin mazaɓa suna dakatar da shugaban jam'iyya na ƙasa. Haka aka yi wa Adams Oshiomhole na APC, dakatarwar mazaɓarsa a Edo ta zama sanadin saukarsa a 2020, haka kuma Iyorchia Ayu na PDP a Binuwai a 2023. Takardar tuhuma ta gaskiya dole ta faɗi aikin da mutum ya yi, da rana, da wuri, da sashen tsarin mulkin jam'iyya da ya karya. Ya tsaya a dandali ya ce a zaɓi ɗan wata jam'iyya, ga faifan, wannan tuhuma ce. An gan shi a gidan wane, wannan ba tuhuma ba ce. A ba shi takardar a hannu, a ba shi aƙalla mako guda ya shirya amsa, a saurare shi a gaban mutum biyar ko bakwai da ba gida ɗaya suka fito ba, kuma wanda ya kai ƙara kada ya zauna cikin masu hukunci.

Makonni biyun farko bayan zaɓen fid da gwani su ne ke nuna ko jam'iyya za ta shiga babban zaɓe a haɗe. Kwamitin sulhun da ke zagaya gidaje yana ba da haƙuri ba ya gyara komai idan bai zo da abin da za a riƙe a hannu ba. Wanda ya ci ya je da kansa wurin wanda ya faɗi, ba aike ba. A ba ɓangaren da ya faɗi kujeru a kwamitin yaƙin neman zaɓe gwargwadon ƙuri'unsa, ciki har da masu taɓa kuɗi da kayan aiki, ba na ado kawai ba. A mazaɓun da suka fi ƙarfi, su za su kawo sunayen ejan-ejan na akwatuna, domin su suka san masu zaɓen wurin, kuma ejan da aka ɗauko daga wata unguwa ba ya iya tsare akwatin da bai san kowa a layinta ba. Duk alkawarin da aka yi a rubuta shi, da sunan muƙami da lokacin cikawa, shugaban jam'iyya da wakilin kowane gefe su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa. Bayan zaɓe kuma, kafin a zargi kowa da zagon ƙasa, a ɗauko takardun sakamako akwati bayan akwati, a gwada ƙuri'un ɗan takarar gwamna da na ɗan majalisa na jam'iyya ɗaya a rumfa ɗaya. Inda tazarar ta yi yawa, a kira shugaban mazaɓar da ejan ɗin su yi bayani a gaban kwamiti.